Ranar da Kawu Ya Tayar da Surukinsa Tsaye

Ranar Laraba da hantsi, a ƙarshen daminar shekarar da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa, Allah ya yi wa Kawu rasuwa a ɗakinsa da ke Gaya. Babban ɗansa yana wurin, da limamin unguwa, da ni ɗan ƙanwarsa, sai matarsa da muke kira Inna tana zaune a bakin ƙofa daga ciki. Bai yi doguwar jinya ba. Bayan Azahar aka sallace shi, kafin La'asar mun dawo daga maƙabarta.

Abin da na ji a zaman makoki ne ya sa na ɗauki alƙalami. Jama'a sun zo da yawa, sai dai kowa da irin Kawun da ya zo yi wa ta'aziyya. Wani matashi daga cikin masu neman takara a sababbin jam'iyyu ya matso kusa da ni ya ce, "Yallaɓai, an ce marigayi ya taɓa jifan minista da takalmi a majalisa." Na ce masa bai taɓa ba. Wani ya ce ai an sha fitar da shi da 'yan sanda. Na ce ko sau ɗaya ba a yi ba. Na ga ransu bai so amsar ba. Wani tsoho daga Kademi, abokinsa tun suna makarantar allo, shi ne ya fi kusa da gaskiya. Ya girgiza kai ya ce, "Malam Tsari ya tafi. Sahun nan da muka yi masa ɗazu, da yana gani da ya ce a sake, ya karkace daga hagu." Aka yi dariya, shi kuma ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Bayan La'asar ƙannen Inna suka iso daga Ajingi. Suka zauna a bakin tabarma, suka yi addu'a, suka aika wata mata ta kai wa yayarsu gaisuwa cikin gida. Aka kawo musu ruwa da fura, ba su taɓa ba. Kafin Magariba sun tafi. Baƙi ba su lura ba, amma duk ɗan gari ya lura, domin kowa ya san cewa Inna ta yi shekaru kusan ashirin ba ta taka gidan mahaifinta ba, alhali mahaifiyarta tana can da rai. Dalilin kuwa wani abu ne da Kawu ya yi a majalisar dokoki ta Kaduna, cikin bin doka, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ina wurin aka yi, domin a lokacin ina aikin fassara labarai a gidan rediyo a Kaduna, kuma ni ake turawa ɗauko rahoton zaman majalisa.

Kawu ya shiga majalisar ne daga ɓangaren da ba ya riƙe da gwamnati. 'Yan kaɗan ne su, a kan benci guda, suna fuskantar ɗaki cike da masu rinjaye. Abokansa sun ɗauka aikinsu shi ne zafafan jawabai. Shi kuwa sai ya nemi a karanta masa dokokin zaman majalisa da Hausa, ya haddace su kamar yadda ya haddace karatunsa na zaure. Yakan ce wanda ba shi da yawan mutane ba shi da abin dogara sai tsari. Daga nan laƙabinsa na Malam Tsari ya samo asali. Da zarar an tsallake wani mataki, sai a ji muryarsa a hankali: "Tsari, ranka ya daɗe."

Bayan cin abincin rana kujeru sukan zama wayam, a riƙa zartar da abubuwa da mutane kaɗan. Kawu yakan bari sai an zo kan batu mai nauyi, sannan ya tashi ya ce yana ganin ba a cika adadin wakilan da doka ta ce a zauna da su ba. Sai a kaɗa ƙararrawa, manyan mutane su riƙa shigowa suna share baki suna gyara hula. Wata rana wani minista ya ce masa a baranda, "Haba Malam, ko tuwo ba za ka bari ya sauka ba?" Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai a zaune ya fi sauka. Ga kujerarka can tana jira."

Gwanintarsa ta biyu ita ce ƙarin tambaya. Minista yakan karanto amsar da aka rubuta masa ya zauna yana ganin ya gama, sai Kawu ya sake tashi. Na tuna ranar da ya tambayi batun hanyar Gaya zuwa Ajingi, wadda ruwa ke yankewa duk damina. Aka ce ana duba lamarin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko mai girma minista zai gaya wa majalisa daga wane gefen rafin ake dubawa? Don mu daga namu gefen ba mu ga kowa ba." Har Shugaban Majalisa sai da ya sunkuyar da kai don kada a ga dariyarsa.

Da Hausa yake jawabi, kuma yana sauraron tafinta da kunnen basira. Idan an sassauta masa kalma, sai ya tashi ya ce ba haka ya faɗa ba. Ni ma ban tsira ba. Ya taɓa tsare ni a ƙofar masaukinsa ya ce, "Kai ɗan rediyo, zo nan. Wa ya gaya maka ni ɗan adawa ne?"

Na ce, "Kawu, haka ɗakin labarai ke fassarawa."

Ya ce, "To ka gaya wa ɗakin labaran adawa gaba ce. Ni ba na gaba da kowa. Hamayya nake yi. Idan an tashi, tare muke salla."

A gida ma bai iya ajiye halin ba. Idan yara suna gardama sai ya ce ɗaya ya gama kafin ɗaya ya fara. Inna ce kaɗai ba ta ɗaukar masa. Ita asalin gidansu Barebari ne da suka daɗe da zama a Ajingi suna noma da fatauci, mu kuma da jinin Fulani, saboda haka ba ta rasa abin tsokana. Takan ce, "Kai Bafillatani, nan ba Kaduna ba ne. A nan ni ce Shugaba, kuma ban ba ka izinin magana ba." Sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Na zauna, ranki ya daɗe."

Mahaifin Inna, wanda muke kira Baba na Ajingi, shi ma ɗan majalisar ne, daga mazaɓar da ke maƙwabtaka da ta Kawu, amma a ɓangaren gwamnati. Dattijo ne mai nauyi, marar yawan magana. Kawu yana jin kunyarsa irin ta mutanen da. Bai taɓa faɗin sunansa ba. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Idan suka haɗu a hanya, tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa, gaisuwa kawai, ba hira. Idan akwai magana tsakaninsu sai dai a aika.

Na taɓa tambayarsa yadda yake iya tsayawa ƙiƙam da takalmi yana musu da ɓangaren da surukinsa ke zaune. Ya ce ranar farko gwiwoyinsa sun so su lanƙwashe da kansu. "Sai na gane dokar ta yi mini gata. An hana ka yi wa ɗan majalisa magana kai tsaye, sai ta bakin Shugaba. An hana ka kira sunansa, sai dai ka ce mai girma wakilin wuri kaza. Ka ga ashe Turawa ma sun san kunyar suruki."

Baba na Ajingi kansa abin yana ba shi sha'awa. Idan an tashi yakan aika wa Kawu da goro. Na ji da kunnena yana gaya wa wani abokinsa, "Yaron nan namu ya iya magana. Hanya ce kawai ya ɓata."

Haka aka tafi har zaman kasafin kuɗi na wata shekara a farkon shekarun sittin. A lokacin kurkunu ya addabi ƙauyukanmu. Duk wanda ya bi ta Balan a farkon damina zai ga magidanta zaune a gindin bishiya, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, gona kuwa ciyawa tana cinyewa. Kowa ya san daga ruwan kududdufi ne. Kawu ya kawo gyara: a rage daga kuɗin da aka ware don gina masaukin baƙi na gwamnati, a haƙa rijiyoyin kankare a ƙauyuka. Wakilai da yawa na ɓangaren gwamnati sun yi wa mutanensu alkawarin rijiya lokacin zaɓe. Baba na Ajingi ma ya yi, a tsakiyar kasuwa. Amma an riga an gaya musu cewa gyaran da ya fito daga wancan benci ba za a karɓa ba, ko da na alheri ne.

A ranar ne kaɗai na ga harshen Kawu ya kuɓuce masa. Ya ce wanda ya yi alkawarin rijiya a kasuwa, ya zo nan ya ƙi rijiya, munafunci ya yi. Nan take wani daga ɓangaren gwamnati ya zabura cikin murna: "Tsari, ranka ya daɗe! Yau Malam Tsari ya karya tsari!" Ɗakin ya ɗauki shewa. Shugaba ya ce kalmar ba ta dace da majalisa ba, a janye. Kawu ya ce, "Na janye, ranka ya daɗe," ya ƙarasa jawabinsa.

Aka zo ƙuri'ar murya. Shugaba ya ce masu goyon baya su ce i, bencin Kawu ya ce i. Ya ce waɗanda ba su yarda ba su ce a'a, ɗakin ya amsa kamar tsawa. Daga inda 'yan jarida ke zama a sama ina ganin Baba na Ajingi. Kansa a sunkuye, carbi a hannu, bakinsa a rufe. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Shugaba ya ce masu a'a sun yi rinjaye.

Kawu ya miƙe ya ce, "A raba majalisa, ranka ya daɗe."

Ga wanda bai sani ba, raba majalisa shi ne akawu ya riƙa kiran wakilai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi tsaye ya faɗi nasa da bakinsa, a rubuta. Ba ya sauya sakamako idan rinjayen a fili yake. Amfaninsa shi ne a san wa ya ce me. Kawu ya saba nema a kan duk batun da ya shafi rayuwar talaka. Yakan ce idan an yi ihu tare, babu wanda za a tambaya gobe. Na ga na kusa da shi ya ja masa gefen riga, na kuma ga leɓensa yana cewa, "Malam, surukinka." Kawu bai zauna ba.

Akawu ya fara kira. Da aka zo kan Baba na Ajingi, mai tsawatarwa na ɓangarensu, wanda aikinsa tabbatar da kowa ya bi umarnin jam'iyya, ya juyo gaba ɗaya yana dubansa. Dattijon ya dafa benci ya tashi a hankali. Ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa. Akawu bai ji ba. Shugaba ya ce, "Mai girma wakili ya ɗan ɗaga murya." Sai ya ce, "A'a." Ya koma ya zauna. Aka kayar da gyaran. Ranar ba a aiko da goro ba.

Da abin ya tsaya a Kaduna, da wataƙila ya wuce. Amma samarin jam'iyyar Kawu suka samu jerin waɗanda suka ce a'a, suka ɗaura lasifika a kan mota, suka shiga Ajingi ranar kasuwa. Kafin mako ya zagayo yara sun raɗa wa dattijon suna Alhaji A'a. Mata masu ɗebo ruwa a kududdufi idan sun gan shi sai su sauke tulu su gaishe shi da ladabin da ya fi zagi ciwo.

Kawu ya tara samarin a ƙofar gidansa. Ya ce, "Ban nemi a raba majalisa don ku mayar da dattijo abin waƙa ba."

Shugabansu ya ce, "To don me ka nema, Malam? Kai ka ce jama'a su san wa ya ce me. Mu kuma mun gaya musu. Ko na Ajingi ne kaɗai ba za a gaya wa ba?"

Mutumin da ba a taɓa ƙure shi a majalisa ba, sai ya juya ya shiga gida.

Inna ta ɗauki goyonta ta tafi Ajingi don ta ba mahaifinta haƙuri. A zaure ya tare ta. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mijinki ya tayar da ni tsaye a gaban duniya. Ban ce ki rabu da shi ba, ban kuma kore ki ba. Amma ranar da kika shigo gidan nan, ba za ki koma wancan ba. Ki zaɓa." Ta daɗe a durƙushe. Sauran 'ya'yanta suna Gaya. Ta tashi ta koma tasha.

Mahaifiyata tana gidan lokacin da ta dawo, ita ta ba ni labari. Inna ta sauke yaron, ta sha ruwa, ta dubi Kawu ta ce, "Malam, rijiyoyin an samu?"

Ya ce, "An kayar da gyaran."

Ta ce, "To. Ni ma an kayar da ni." Ta shiga madafa ta ɗora tukunya. Daga ranar ban sake jin ta kira shi Bafillatani ba.

A zaɓen da ya biyo baya Kawu ya faɗi. Baba na Ajingi ya koma kujerarsa, ya zauna har sojoji suka rushe majalisa, amma sunan bai rabu da shi ba. Rijiyoyin kuwa an zo an haƙa wasu daga baya, bayan an yi jihohi, babu wanda ya tuna da wanda ya fara nema.

Kawu ya koma noman gero da gyaɗa. Duk taron da aka rasa mai riƙe shi, na iyayen yara ko na ginin masallaci, shi ake kira. Nan ma halin bai sauya ba. Akwai wani mutum da ya yi masa mugun kamfe lokacin zaɓe, wanda a wani taro jama'a suka so su shashantar da maganarsa. Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar shi ya gama. Mun taɓa zama mu kaɗan a ɗaki, na san yadda ake ji."

Ya aika manya sun je Ajingi ba sau ɗaya ba, kowane ya dawo da amsa guda: Alhaji ya ce ya ji. Sai ya samo wata hanya. Duk ranar kasuwar Ajingi da hali ya yi, yakan ɗauki Inna a motar haya ya kai ta gidan wata maƙwabciyar iyayenta. Mahaifiyarta takan zagayo ta ƙofar baya, su wuni tare. Shi kuma ya zauna a gindin bishiya a tasha, ba ya shiga kasuwa, ba ya shiga gidan kowa, har La'asar. Dattijon ya san ana yi. Bai hana ba, bai kuma taɓa ɗaga maganar ba.

Wata rana na same shi a gona yana tsige gyaɗa, na tambaye shi ko ya ga bakin surukinsa lokacin ƙuri'ar murya. Ya ce, "Na gani. A rufe yake. Shirun nan shi ne iyakar abin da zai iya ba ni, kuma ya ba ni. Ni kuwa na tashi na ƙwace." Na ce me zai hana ya je da kansa. Ya ce, "In ce masa me, kuma da wane baki? Ban da gaisuwa, ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba tun da na auri 'yarsa. A Kaduna akwai Shugaba. A nan ta bakin wa zan bi?"

A shekarun da aka yi fari Baba na Ajingi ya kwanta ciwo. Da labari ya zo cewa jikin ya yi nauyi, Kawu ya ce in raka shi. Muka biya muka ɗauki limamin unguwar dattijon, tsoho mai haƙuri da ya san su duka. Da hantsi muka isa. Kawu ya tuɓe takalmi tun daga waje. Aka shigar da mu soron da dattijon ke kwance, 'ya'yansa maza suna zaune a gefe. Kawu ya durƙusa a bakin ƙofa, ya fuskanci liman.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, a gaya wa Baba na zo duba jiki."

Liman ya maimaita, ko da yake kowa ya ji. Dattijon ya ce, "A ce masa da sauƙi."

Kawu ya ce, "A gaya wa Baba akwai kalmar da na faɗa a majalisa, wadda ba ta dace ba. Ba shi na nufa ba, amma ta same shi. Ina neman gafara."

Dattijon ya yi tari, ya ce, "Liman, wannan ai ya janye ta tun a can. Ina wurin. Ba ita ba ce."

"To wacce ce, Alhaji?" in ji liman.

"Ya ga na yi shiru. Ka tambaye shi, ya gani ko bai gani ba?"

Kawu ya ce, "A ce na gani."

"To ya faɗa a gaban yaran nan cewa tashin da ya yi kuskure ne. Shi ke nan. 'Yata ta shigo yau, ta koma gidanta gobe."

Ɗaya daga cikin ƙannen Inna ya ce wa Kawu a hankali, "Yaya, kalma ɗaya ce fa." Liman ya dubi Kawu yana gyaɗa masa kai. Ni ma, in faɗi gaskiya, jira nake ya faɗa.

Can Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, a gaya wa Baba babu ranar da ba na baƙin cikin abin da ya same shi ta dalilina. Abin da samari suka yi ban sa su ba, amma ni na buɗe musu ƙofa, na ɗauki laifin. Idan ya ce in zagaya kasuwar nan ba takalmi ina faɗin haka, zan yi. Amma mutanen da ƙafafunsu suka ruɓe suna da haƙƙin su san wa ya ce me. Idan na ce kuskure ne, na yi masa ƙarya yana kwance."

Liman bai maimaita ba. Ya ce, "Haba Malam."

Dattijon ya daɗe yana kallon rufin soro. Ni na ga kamar murmushi ya gifta a fuskarsa, amma ba zan rantse ba. Ya ce, "Har yanzu ya iya magana." Sannan ya juya fuskarsa bango ya ce, "A ba baƙo ruwa. Ya yi tafiya."

Baƙo ya ce. Aka kawo ruwan, Kawu ya sha, muka fito. Da muka isa Gaya, Inna tana tsaye a tsakar gida da mayafinta a kafaɗa, ta shirya. Ta dubi fuskarsa, ta cire mayafin ta ninke.

Bayan 'yan makonni dattijon ya rasu. Kawu ya bi sahun jana'iza daga can baya. Inna ta karɓi gaisuwar rasuwar mahaifinta a gidan maƙwabciya, katanga ɗaya tsakaninta da ɗakin da aka haife ta. Ƙannenta suka ce maganar Baba tana nan, ba su isa su taɓa ta ba.

Ban zo in yanke hukunci tsakanin mutanen nan biyu ba. Na ga wakilai da yawa da suka fi Kawu zafin baki, ban ga wanda ya kai shi riƙe ƙa'ida ba. Idan yau wani ɗan ƙaramin benci ya tashi ya ce ba a cika ba, ko ya bi minista da ƙarin tambaya, ko ya tilasta wa masu rinjaye su faɗi ra'ayinsu da bakinsu, to akwai waɗanda suka share masa wurin tsayawa, Kawu yana cikinsu. Amma na kuma ga wadda ta biya kuɗin tsayuwar, kuma ba a taɓa tambayarta i ko a'a ba.

A makonninsa na ƙarshe, da aka fara shirin komawa mulkin farar hula, masu neman takara sukan zo zaurensa ya koya musu yadda ake zama a majalisa. Yana jin daɗin abin ƙwarai. Yakan sa ɗaya ya zama Shugaba, ya hana su nuna juna da yatsa. Ina nan wata rana ɗayansu ya tambaye shi yaushe ya kamata a nemi raba majalisa. Ya ce, "Duk lokacin da batun ya kai. Kada tsoro ya hana ka. Amma kafin ka tashi, ka bi fuskokin ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ka san wanda za ka tayar. Idan ka tashi bayan haka, to ka san abin da ka saya." Suka rubuta, ba su san a kan wa yake magana ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya jiƙan surukinsa, ya sa sun sami inda za su yi magana ba tare da ɗan aike ba.

Ranar da Inna ta fita takaba na zo daga Kaduna. Da hantsi babban ƙaninta ya iso da mota daga Ajingi. Wannan karon ya shiga har tsakar gida, ya durƙusa ya gaishe ta, ya sha ruwan da aka ba shi. Ya ce, "Yaya, Iya ba ta iya zagayowa gidan maƙwabta yanzu. Ƙafa ta ƙi, ido ma ya tafi. Kullum ke take kira. Ki zo ki gan ta, in dawo da ke da yamma."

Inna ta ce, "Maganar Baba fa?"

Ya ce, "Mun zauna mun yi shawara. Su biyun duk sun tafi. Magana ta wuce."

Ta ce, "Ku kuka faɗe ta?"

"A'a, Yaya."

"To ba ku za ku janye ta ba. Wanda ya faɗa ya tafi da abarsa."

Babban ɗanta ya ce, "Inna, to ki bari mu ɗauko Iya mu kawo ta nan."

Ta ce, "Tsohuwa makauniya za ku fitar daga ɗakinta saboda ni? Na zauna wa ubanku iyakar zamansa. Ku ɗauko mini akwatina da tabarmar salla."

Ta bi ɗakunan matan 'ya'yanta ta yi musu sallama, ta damƙa wa babbarsu makullin rumbu. Na bi su a motar. Da muka isa Ajingi ta tsaya a zaure, ta tuɓe takalmi, ta yi sallama da ƙarfi kamar mai jiran a amsa daga ciki, sannan ta shiga.

Tana can tana jinyar mahaifiyarta. 'Ya'yanta da jikokinta suna zuwa gaishe ta ranar kasuwa. Ba ta sake komawa Gaya ba.